Kar ki ci bashi da sunanki don a wanke sunan maigida a banki

Wata ƙanwata ce, ɗiyar kawuna, ma'aikaciyar gwamnati a nan Abuja, ta same ni a gida a Kubwa ranar wata Asabar bayan la'asar, ko ruwan da aka kawo mata ba ta taɓa ba ta ce "Yaya, shawara na zo nema." Maigidanta ne ke da bashin katin banki, irin katin nan da ake ba ka ka kashe kuɗin banki ka biya daga baya, to ya kashe, ya yi ta makara wajen biya, kuɗin ruwa ya hau ya hau, yanzu ya je neman rancen mota an duba sunansa an ce a'a. Shi ne ya ce mata tunda ita sunanta tas yake, ta karɓo rance a kan albashinta a goge nasa, in makinsa na biyan bashi da banki ke dubawa ya gyaru zai riƙa mayar mata duk ƙarshen wata. Na tambayi nawa ne, ta faɗa, muka lissafa ya kai albashinta na wata bakwai.

Na ce mata kar ta yi, kuma har yanzu a nan nake tsaye.

Da yawanmu ba mu ma san ana rubuta mu ba. Akwai kamfanoni uku da CBN ya ba lasisi, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, aikinsu kenan tara labarin wa ya ci bashi, wa ya biya a kan lokaci, wa ya noƙe, kuma tun da BVN ta shigo a 2014 ba maganar ka gudu daga wannan banki ka je wancan a matsayin sabon mutum. Daga wannan labarin ake fitar da maki, a tsarin auna makin da ake kira FICO daga 300 ne zuwa 850. Dabarar da mijin nata ya kawo kuwa ba tasa ba ce, a Amurka da Ingila aka saba da ita, can akwai katin da za ka kwashe tsohon bashi ka zuba a ciki ba kuɗin ruwa har shekara ɗaya ko fiye, ka biya ladan kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari kawai, wasu bankunan har sukan yarda ka ɗauko na matarka ko na mijinki. To can ko ba komai akwai rangwamen da ake bi. Mu a nan wa zai ba ki rance ba ruwa? Daga wuta ne a koma wata wutar, sai dai an canja wanda zai ƙone.

Abin da ya fi damuna shi ne ko gyaran da ake nema ba zai samu yadda ake zato ba. A lissafin FICO yawan bashin da ke kanka kashi 30 ne, amma tarihin yadda kake biya shi ne babba, kashi 35. In ta biya masa yau adadin bashin ne zai sauka, watannin da ya makara suna nan a rubuce, kuɗinta ba zai kankare su ba, sai shi da kansa ya yi ta biya a kan lokaci a hankali a ga ya canja. Sannan fa katin nan da aka wanke yana aljihunsa fanko, kuɗin haya zai zo, kuɗin makarantar yara zai zo, ga Sallah, kuma halin da ya sa ya cika katin da farko ba wanda ya taɓa shi, kafin a ankara gida ɗaya bashi biyu.

Ita kuma me ta ɗauka? Banki bai san "ai mijina ne ya ci" ba, wanda ya sa hannu shi ya sani. Rancen albashi sau da yawa tun daga tushe ake cirewa kafin alat ya shigo waya, kuma tun 2020 CBN ya kawo tsarin GSI wanda in ka kasa biya za a iya bin BVN ɗinka a ɗebi kuɗi a asusunka na wani bankin daban. Wato ɗan abin da take tarawa don filin da take so ta saya can wajen Bwari shi ma ya shiga layi.

Na san abin da za a ce, aure rufin asiri ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wallahi na yarda, ba ina zuga mata su riƙe jaka miji na nutsewa suna kallo ba, kuma da namiji ne ya zo min zai ɗauki bashin matarsa haka zan zaunar da shi mu yi lissafi. Saurayi da budurwa kam ba ma sai an tsaya ba, wanda ko sadaki bai biya ba ba shi da hurumin hawa kan BVN ɗinki. Amma mu yi maganar da ba a son yi. Aure yana mutuwa, mutum ma yana mutuwa. A shari'a in mutum ya rasu sai an fitar da bashinsa daga abin da ya bari kafin a raba gado, to in bashin nan yana sunansa magada dole su biya, in kuwa ya koma sunanta ba takarda ba shaida, ranar rabon gado wa zai yarda da ita? Za a ba ta tumuninta, ita kuma ta ci gaba da biyan banki da marayu a gabanta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma mu tsakanin miji da mata sai kunya ta hana, a ce ai rashin yarda ne. Balle kuma batun riba, mutum ya je ya buɗe sabuwar yarjejeniyar kuɗin ruwa da hannunsa don a rufe ta wani, wannan ma abin a tambayi malamai ne kafin a tambayi banki.

Abin da na ce ta faɗa masa ba wani mai wuya ba ne. Ya nemi rahotonsa a wajen kamfanonin nan tukuna, dokar rahoton bashi ta 2017 ta ba kowa damar karɓa kyauta sau ɗaya a shekara, ya ga me aka rubuta a kansa don wani lokaci har kuskure ake samu, bashin da aka biya tuni ba a sauke ba. Ya taka da ƙafarsa ya je bankin ya nemi a tsara masa biya kaɗan kaɗan, ya ajiye katin nan ya daina taɓawa, motar ta jira. Ita kuma in tana da kwasar adashi ko wani abin da in ya tafi ba zai hana ta barci ba, ta tura kai tsaye cikin bashin, bashin yana nan a sunansa, in kyauta ce ta ce kyauta ce, in rance ne a rubuta a gaban mutum biyu.

Ta yi shiru can ta ce "Yaya, zai ce ban yarda da shi ba." Na ce to ki bari gobe bayan magariba in zo gidan da kaina, mu zauna mu uku da takardar bankin a gabanmu.