A auna kowa da mudu ɗaya

Ku masu sharhi kan na'urori, kun ce sabon tablet (kwamfutar hannu) ɗin nan na kamfanin Apple yana zafi a hannu, amma ba ku faɗa mana zafin nawa ba, ba ku kuma haɗa shi da na wasu kamfanoni ba. Wannan bai kamata ba, malamai.

Haka aka yi a 2012 da iPad na uku, tablet ɗin Apple, ya fito. Mujallar Consumer Reports ta Amurka ta auna digiri kusan 47 a ma'aunin Selsiyas, lokacin da ake buga wasa mai nauyi ana kuma caji, jaridu suka yi ta yayatawa. Da mujallar kwamfuta ta PCWorld ta gwada na kamfanonin Samsung da Asus, sai ga shi bambancin kaɗan ne, amma wannan bai samu irin wancan kururuwar ba.

Ba kare Apple nake yi ba. Shi kansa ya ce kada a yi amfani da iPad a wurin da zafi ya wuce digiri 35, alhali a Kano watan Afrilu muna haura 40. Ɗalibin da ke karatu da shi a ɗaki babu wuta, babu fanka, wannan yake son ji kafin ya zuba kuɗinsa. Don Allah ku gwada su duka a zafin namu, ku kawo mana lambobin.