Yadda Na Ƙara wa Kawu Tan 28 na Wake

A gidanmu da ke unguwar Birni ta Damagaram a Nijar, duk takardar da ta shigo da rubutun boko hannuna take faɗawa, domin ni ne na yi lakwal har na kai kwaleji, kuma mutanen gida ba su ga bambancin Faransanci da Ingilishi ba tunda haruffan iri ɗaya ne. Ni ma ban ga amfanin wayar musu da kai a kan wannan ba.

Bayan kaka, kawuna ya loda buhu 280 na wake, kowanne kilo 100, ya tura kasuwar Dawanau ta Kano. Da aka ɗora motar a ma'auni, dillalinsa ya aiko hoton takardar awo ta WhatsApp, mai layi uku: "gross" tan 42, "tare" tan 14, "net" tan 28. Muna zaune a rumfarsa ta Kasuwar Dole, kawu ya miƙo mini wayar mai tsagaggen gilashi, ya ce, "Mushe, duba mana." Layin tsakiya ne ya faranta mini rai, don a ganina Hausa ce tsantsa. Na bayyana masa cewa Kanawa da hannunsu sun rubuta a haɗa 14 tare da 42, wato tan 56, amma kuɗin 28 kaɗai suke shirin biya.

Kawu ya fi kowa sanin abin da ya loda, tunda da carbinsa ya ƙirga buhunan, sai dai ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ya yi gardama da lissafin da ya ninka masa dukiya ba. Nan take ya buga waya ya rantse cewa ba za a sauke ko tiya ɗaya ba sai an biya shi haƙƙinsa.

Mota na tsaye, sai mai ita ya aiko wata takarda yana neman kuɗin "demurrage". Wannan kam ban ko tsaya tunani ba, domin ta yi kama da kalmar Faransanci ta tayar da inji. Na ce wa kawu kuɗin tayar da mota ne. Ya ce in dai haka ne, a samo samari su tura ta.

Wani tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, da ke shan shayi a rumfar maƙwabta ne ya karɓi wayar, ya gyara tabarau. Ya ce "gross" nauyin mota ne da kayanta, "tare" kuwa nauyin motar ce ba komai a cikinta, ana cire shi ne don a san "net", wato zallar waken. Ya ƙara da cewa asalin kalmar Larabci ne, daga "ɗarhu" da malaman hisabi ke nufin ɗebewa da ita, kuma akwai ta har a Faransancin da nake taƙama da shi, ga ta ma a rubuce a ƙofar kowace kwantena. "Demurrage" kuwa tarar ajiye mota ko jirgin ruwa ce fiye da lokacin da aka yi alkawari, kuma kowace wayewar gari ƙaruwa take yi. Sannan ya dubi kawu ya ce, "Alhaji, kana son su sayi ƙarfen motar mutane har sau biyu ne a farashin wake?"

Aka sauke kaya, kawu ya biya tarar da naira yana salati. Da ma ya yi mini alkawarin jika hamsin na gyaran babur in an sayar da waken. Ranar biya ya ƙirgo su a gabana, ya zare jika arba'in da biyar ya mayar aljihu, ya ce, "Wancan 'gross' ne, ɗana, wannan da na cire shi ne 'tare', ga 'net' ɗinka."