Inuwar Giginya: Nasiha Gare Ni Da Abokan Hidima

Ranar Kirsimeti, ƙarfe goma na dare ya gota na dawo gida. Tun daga bakin rijiya na kashe babur na turo shi da hannu don kada in ta da yara. Ina haska fitilar waya a zaure sai na ga autarmu a dunƙule kan tabarma, tana barci da sabuwar atamfarta a jiki, ɗankwali ya zame, sabon takalmi ko cirewa ba ta yi ba. Shekararta shida. Ga iskar hunturu na shigowa ta ƙofa, ƙafafunta sun yi furu-furu.

Raina ya ɓaci. Uwarta na fitowa, ko sannu da zuwanta ban amsa ba na hau faɗa: don me za a bar yarinya a zaure cikin wannan sanyi? Ta bari na gama, sannan ta ce, "Malam, tun la'asar take nan. Sau uku ina ɗauke ta in kai ɗaki, tana farkawa ta dawo. Ta ce ba za ta tuɓe ba sai Baba ya ga rigarta da lallenta."

Na durƙusa na buɗe tafin hannunta. Lalle ya kama, ya yi jawur.

Da safe fa tana majami'a. Bayan sujada na tsaya bakin ƙofa ina gaisawa da jama'a, ina yaba ɗinkin 'ya'yan mutane ɗaya bayan ɗaya, in ce wa wannan ta yi kyau, in ce wa wancan ya zama ango. Ita ma ashe ta shiga layi. Uwarta ta ce na dafa kanta ina magana da wani baƙo da ya zo daga Abuja, ko sunkuyowa ban yi ba. A ɗaki kuma ga kula a rufe. Zakaran da uwargida ta yi ta kiwo tun farkon damina, ta hana a sayar ko lokacin da kuɗin makaranta ya matsa mana, shi aka yanka. Ta ware mini cinya da ƙirji, ta hana kowa taɓawa. Ni kuwa gida bakwai na shiga ranar nan. Ko'ina na ci, na sa albarka, na ɗora hannu kan yaransu na yi addu'a. Na dawo gidana ba ni da wurin sa ko loma ɗaya.

Yau kwana uku ke nan abin yana ci na, shi ya sa na kasa yin shiru.

'Yan'uwana masu hidima, Hausawa sun ce inuwar giginya, na nesa ka sha ki. Wanda ya zauna a gindinta rana ce ke dukansa, inuwar tana can ta faɗa kan gonar wani. Da yawanmu haka muka zama. Duk ƙauye ya shaide mu da haƙuri da sakin fuska, amma a je a tambayi waɗanda ke kwana ɗaki ɗaya da mu.

Na san yadda watan Disamba yake mana a nan karkarar Kano. Ana gama godiyar kaka, ba a ma kwashe buhunan dawa da gero daga gaban majami'a ba, sai aure ya taso, domin 'yan ci-rani da ma'aikata sun dawo daga birni, daga Kaduna, daga Legas, kowa na son a ɗaura kafin ya koma. Koyon waƙa kowane dare. Wasan kwaikwayon yara. Zaman dattawa kan lissafin ƙarshen shekara. Baftisma. Sasanta ma'aurata. Mutuwa kuma ba ta sallama. In akwai ƙananan ikilisiyoyi biyu ko uku a ƙauyukan kewaye da ba su da fasto, kai ne za ka bi turɓaya da babur ka kai musu Jibin Ubangiji. Ga sujadar Kirsimeti, ga ta daren 31 ga wata, ga ta sabuwar shekara. Aiki ne mai tsarki, ina kuma son sa har zuciyata.

Amma bari in faɗi gaskiya a gaban Allah. Cikin gidaje bakwai ɗin nan, biyu ne kawai suka zama dole: na tsohuwar da ke kwance ba lafiya, da na waɗanda aka yi wa rashi watan jiya. Sauran biyar ɗin daɗinsu nake ji. A can ana shimfiɗa mini sabuwar tabarma, yara su ruga suna cewa Baba Fasto ya iso, a kawo mini nama mafi kyau, in yi magana kowa ya yi tsit. A gida kuwa kuɗin sabulu za a tambaye ni, da maganar katangar da ruwa ya rushe. Girmamawa nake bi, na lulluɓe ta da sunan hidima.

Kun tuna abin da Yesu ya tsawata wa Farisiyawa a Markus sura 7? Mutum ya dubi iyayensa ya ce abin da ya kamata ku samu daga gare ni Korban ne, wato na keɓe wa Allah, shi ke nan ya wanke hannunsa. Mu ma mun koyi wannan dabara. Lokacina na Allah ne. Kunnena na Allah ne. Murmushina na Allah ne. Matarka ta yi ƙorafi ka ce tana hana aikin Ubangiji, ta ja bakinta ta rufe, domin wa zai yi jayayya da Allah? Ai wannan zalunci ne, ɗan'uwa. Ka ɗauki sunan Allah ka toshe bakin matarka da shi.

Kai fasto, kai mai bishara, kai dattijon ikilisiya, ko ECWA kake, ko HEKAN, ko Angilikan, ko Baptis, ina tambayarka tsakaninka da Allah. Yaushe rabonka da ka sa hannu a kwano ɗaya da 'ya'yanka maza? Ka san ajin da 'yarka take ba sai ka tambayi uwarta ba? Ka san abokan da ɗanka ke yawo da su ranar kasuwa? Matar wani ta zo da kuka, ka zauna awa biyu kana saurarenta. Taka matar ta fara magana, minti biyar ba a yi ba ka jawo waya. Ɗan wani ya yi laifi ka ce yaro ne, a yi haƙuri. Naka ya yi irinsa ka zare bulala, ba don gyara ba, sai don kada a ce ɗan fasto ya yi kaza.

Ku dubi Maman Fasto kuma. Ita ce ta farko a zumuntar mata, ita ce ta ƙarshen tashi. Baƙon wa'azi ya sauka, ita za ta tashi da asuba ta hura wuta ta ɗora ruwan wanka. Ba ta da albashi, ba ta da ranar hutu, ba ta da wanda za ta kai wa kukanta, domin duk wadda ta gaya wa 'yar ikilisiyar mijinta ce, gobe maganar ta zaga gari. Kowa a ƙauyen nan yana da fasto, ban da ita. Na auna wannan a daren nan ina kallon kular da ta rufe, na ji kunya ta rufe ni.

Dawuda sarki ne, mawaƙi ne, mutum ne da Allah ya yarda da zuciyarsa. Amma ɗansa Absalom ya yi shekara biyu cur a Urushalima bai ga fuskar ubansa ba. Gari ɗaya suke. Sai da ya sa aka cinna wa gonar sha'ir ta Yowab, shugaban sojojin Dawuda, wuta kafin a kai shi gaban sarki. Ku karanta 2 Sama'ila sura 14. Yaron da aka hana fuskar uba, wata rana zai cinna wa wani abu wuta don a waiwayo shi. Wani ya cinna da shaye-shaye, wata ta cinna da cikin da ba aure, wani kuma ya tafi birni shiru, ba ya sake taka ƙofar majami'a. Sa'an nan mu tara dattawa mu ce Shaiɗan ya shigo gidan fasto. Wa ya bar masa ƙofa a buɗe? Eli firist ya yi shekara 40 yana shugabancin Isra'ila, amma labarin Hofni da Finehas daga bakin jama'a ya ji shi. 'Ya'yan cikinsa, suna hidima wuri ɗaya da shi.

Ni dai Yetro, surukin Musa, nake ta tunawa. Tsohon nan ya taso takanas zuwa jeji, abin da ya fara yi shi ne ya kawo wa Musa matarsa Ziffora da 'ya'yansa biyu. Kashegari ya ga Musa zaune tun safe har yamma jama'a sun kewaye shi, ya ce masa abin nan da kake yi ba shi da kyau, za ka gajiyar da kanka ka gajiyar da mutanen. Bai yabe shi don yawan aiki ba. Ya ce ya zaɓi amintattu ya raba musu kaya. Mu kuwa muna da dattawa, muna da shugabannin matasa, muna da masu bishara, amma mun ƙi saki, domin muna son a ce in ba mu ba, ba ya yiwuwa. Manzo Bulus kuwa bai ɓoye wa Timoti ba: wanda bai iya riƙe gidansa ba, ta ƙaƙa zai kula da ikilisiyar Allah? Wannan aya an karanta mana ita ranar da aka keɓe mu. Mun amsa da amin.

Akwai wani abu da ya sa maganar nan ta fi nauyi a wurinmu. Mu 'yan kaɗan ne a ƙasar nan. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, kakanninmu da suka bar tsafi suka bi Almasihu da yawansu da shi suka koyi karatu. Ba su da ginin majami'a mai kwano, ba su da lasifika. A tsakar gida suka riƙe bangaskiya, bayan an ci tuwon dare, fitila a tsakiya, uba na haɗa baƙi da ƙyar yara na saurare. Haka ta iso gare mu. Yanzu mun miƙa komai ga makarantar Lahadi, awa ɗaya a mako. Ku dubi maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke aika wa abincin Kirsimeti su aiko mana da naman layya. Ranar Sallah za ka ga uba riƙe da hannun ɗansa zuwa filin idi, su dawo tare. Ni na gani, na yaba. Ɗanka in bai ɗanɗani daɗin Almasihu a gidanka ba, a wane lungu na ƙauyen nan zai same shi?

Ba fastoci kaɗai nake nufi ba. Kai da ka yi wata goma a Legas kana neman kuɗi, ka dawo hutun mako biyu, ka ƙarar da shi a majalisa da gidan giya, yara sai ƙarar babur ɗinka suke ji da tsakar dare. Ka ɗinka musu kaya, na sani, Allah ya saka. Ka tsaya ka ga kayan a jikinsu? Ke shugabar zumunta da kika san matsalar kowane gida, 'yarki budurwa ta fi mako ba ta cin abinci sosai, kin lura? Kai ɗan mawaƙa da ke raira wa jama'a har su yi hawaye, tsohuwarka tana gida ba wanda ya ɗebo mata ruwa.

Ku kuma jama'ar Allah, ina roƙonku da ƙauna. In faston ku ya ce yau ba zai samu zuwa cin abinci gidanku ba, kada ku yi fushi, kada ku ce ya raina ku ko ya fi son gidan masu kuɗi. Ku ce masa, "Baba, je ka gida, Mama na jira." Ciwo da mutuwa ku buga ƙofa ko ƙarfe nawa ne, za mu fito. Amma abin da zai iya kwana, ku bar shi ya kwana.

Mun yi ta wa'azin Baitalami makon nan. Yusufu, mijin Maryamu, ko kalma ɗaya daga bakinsa ba a rubuta mana ba. Amma duk inda aka buɗe labarin yana nan. Yana wurin haihuwa. Yana Haikali. Da Hirudus ya tashi neman ran yaron, shi ya tashi cikin dare ya ɗauki ɗan da uwarsa zuwa Masar. Na yi wa'azi a kansa ranar Kirsimeti da safe, da dare na tarar da tawa 'yar a zaure.

Ɗan'uwa, koma gida. Don Allah koma gida.

Kashegari da safe na kira uwargida na ba ta haƙuri, na faɗan da na yi mata da na shekarun da ta yi tana rufe kula. Ba ta ce komai ba, hawaye kawai ta share da gefen zane. Na ci naman nan da aka ɗumama, a gabanta. Sannan na kira Auta na ce, "Zo, uwata, sa mini rigar nan in gani." Ta ruga ta sako, ta juya gaba ta juya baya. Shuɗiya ce mai furanni rawaya. Ta miƙo mini hannu biyu ta ce, "Baba, duba da sauri, lallen ya fara gogewa."

Jiya na zauna da dattawa, mun raba ziyarar sabuwar shekara gida-gida, kowa ya ɗauki unguwarsa. Na gaya musu ranar 1 ga Janairu, ana tashi daga sujada gida na nufa, ba zan ci abincin kowa ba sai na matata. Ku yi mini addu'a in cika, domin na san zuciyata, tana son tabarmar waje.

Kai ma da kake karanta wannan a majalisa ko a ofishin majami'a, rana ta kusa faɗuwa. Tashi ka je, akwai mai jiran ka a zaure.