Yadda Fitilar Eyabag Ta Mai Da Ni Direba

Motata 'yar Kwatano ce, ƙirar 2008, daga Amurka aka kwaso ta, kuma akwai fahimtar juna tsakaninmu. Ba na tambayarta abin da ta aikata a can kafin ta hau jirgin ruwa, ita ma ba ta tambayata dalilin da nake zuba mata mai lita biyar-biyar. A haka muke zaune lafiya har wata jar fitila ta fara kamawa a dashbod. Hoton wani ɗan mutum ne zaune a kujera, an ɗaure shi da bel, ga wata ƙatuwar ƙwallo a gaban fuskarsa. Autarmu ce ta raɗa masa suna Baba Mai Ƙwallo, sunan kuwa ya zauna.

Dama can yana leƙowa. Duk motar da ke da eyabag, wato jakar iskar nan da ke kumburowa ta tare mutum idan an yi karo, in ka murɗa makulli fitilar takan kama na kamar daƙiƙa shida, kwamfutar motar ta lalube wayoyinta, in ta ga komai lafiya sai ta kashe. Gaisuwa ce kawai, a gaisa a wuce. To Baba ya zo gaisuwa ya ƙi tashi. Da farko yakan yi kwanaki sai ya ɓace, in ce alhamdu lillahi, sai kuma ya dawo ba sallama.

Uwargida ce ta fara gano wani abu. "Abban yara, ka lura kuwa? Duk ranar da Yaya ya shiga motar nan, ranar mutumin nan ke fitowa."

Yayanta take nufi, uwa ɗaya uba ɗaya. Mutum ne dogo, irin dogayen da sai sun sunkuya suke shiga ƙofar masallacin unguwa. Tasa motar tana gareji tun kafin a cire tallafin mai a 2023, don haka ni ke kai shi Juma'a, ni ke kai shi ɗaurin aure da ta'aziyya. Da labarin ya kai kunnen Gwaggo, ba ta tsaya dogon bincike ba, ta aiko da ƙullin hayaƙi ta ce a turara motar da magariba, a kuma daina barin kowa da kowa yana zama a gaba. An turara. Motar ta yi ƙamshi, Baba yana nan. Bayan wata tafiya da muka yi Zariya da Yaya ma sai ya daina ɓacewa gaba ɗaya.

Na kai wa bakanikena. Ya leƙa ta taga, ya dubi fitilar, ya dube ni.

"Alhaji, mota tana tashi?"

"Tana tashi."

"Birki yana kamawa? Tana zafi?"

"Birki lafiya, ba ta zafi."

"To me ya dame ka? Wannan ai fitilar Turawa ce."

Da na matsa, sai ya cire kan batir, ya je ya sha shayi, ya dawo ya mayar. Aka tayar, Baba ya fito da kuzarinsa. Abin da ya ɓace shi ne duk tashoshin rediyon da na jera, da agogon motar da ya koma ƙarfe ɗaya daidai. Na ba shi labarin Yaya, ya yi dariya har da dafa bonet, ya kira yaransa ya ce in maimaita.

A majalisa kuwa kowa injiniya ne. Wani ya ce in liƙa baƙin salatef, abin da ido bai gani ba zuciya ba ta damu da shi ba. Wani ya ce sitikar addu'ar hawa abin hawa ta fi, ga rufi ga lada. Wani tsohon direban babbar mota ya rantse bel ne ban ɗaura ba, alhali ta bel fitilarta daban ce, kuma ni a lokacin ko a cikin gida zan gyara fakin sai na ɗaura. Shi kuwa mai shagon caji cewa ya yi wani ƙanin abokinsa haka tasa ta yi, yana cikin tafiya jakar ta fashe masa a fuska. Na shiga intanet da dare don in samu natsuwa, na fito da abin da ya fi wannan. Ashe idan fitilar ta kama ta zauna, kwamfutar tana gaya maka ne ta ga matsala, kuma mai yiwuwa ne ranar da aka yi karo jakar ta ƙi fitowa sam. Jakar da aka yi ta don ta cika cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa ashirin na daƙiƙa, ga ta nan kwance a cikin sitiyari ba a san ko tana aiki ba. Tun daga ranar na koma tafiya a 40. 'Yan adaidaita sahu suna wuce ni a titin Kabuga suna leƙo ni, wani har ya tambaya ko koyo nake.

Sai aka haɗa ni da wani mai riwaya, aka ce hannunsa ba ya taɓa waya ta ƙi ji. Ya ce in bar motar in je in yi azahar. Da na dawo dashbod fes. Na murɗa makulli, Baba ya fito, injin na tashi ya ɓace. Na biya, har da ɗan ƙari na jin daɗi, na koma gida ina bin waƙar da ke rediyo duk da ban san tashar ba.

Asirin ya tonu ne a danjar Ɗan'agundi. Baƙin man injin ya yi ƙasa, fitilar mai ta fara ƙyaftawa, sai na ga Baba ma yana ƙyaftawa tare da ita, daidai da daidai, ba wanda ya riga wani. Ashe bawan Allah ya ciro allon dashbod ne ya yanke ƙafar fitilar eyabag ya jona ta da ta mai, don ta riƙa kamawa da kashewa a lokacin da ido ya saba gani. Na koma masa a fusace. Ko gezau.

"Alhaji, me ka ce in yi maka? Ka ce in kashe fitila. Ta mutu ko ba ta mutu ba?"

Na sa ya mayar yadda ya same ta. Ya mayar, ya kuma nemi kuɗin mayarwa.

Daga nan sai wani matashi mai kwamfuta, ko in ce mai wata 'yar na'ura da bai fi a saka ta a aljihun gaba ba, yana haɗa ta da wayarsa. Ya soka, ya latsa, ya juyo min da fuskar wayar: babu matsala ko ɗaya. Na nuna masa Baba yana ci jajir a gabanmu. Ya ce to kwamfuta dai ba ta ƙarya, amma a nasa ganin kulok-sifirin ne, wata siririyar waya mai faɗi da ke naɗe a bayan sitiyari, wadda ke kai wuta ga hon da jakar direba komai juyin da ka yi. Na je Ƙofar Ruwa na sayo 'yar Beljiyam, aka saka. Fitila ba ta motsa ba, sai dai an samu ci gaba ta wani fannin: duk lokacin da na karya kwana hagu sai hon ya ɗauka da kansa. Layin gidan surukaina kwanar hagu ce. Ranar da na je gaishe su bayan isha'i, da hon na shiga layin tun daga bakinsa har ƙofar gida, surukina ya fito da tocila yana tambayar wa ya rasu.

Wanda ya warware zancen wani mutum ne marar yawan magana, a wani ɗan shago da ba shi da ko allon suna. Injiniya kowa ke ce masa. Ya jona tasa kwamfutar a soket ɗin nan mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996. Ya ce ta matashin can ba ƙarya ta yi ba, injin kaɗai take iya tambaya, injin kuwa lafiyarsa lau. Lambobin matsalar inji da harafin P suke farawa, na eyabag da B, kuma ƙananan na'urori da yawa ba sa kai wa can. Tasa ta fito da lamba, ya karanta, ya zagaya ɓangaren fasinja ya tsaya yana kallon kujerar gaba.

"Wa ke zama a nan?"

Na ɗan yi jim, don na gaji da zama abin dariyar gareji. Na ce uwargida, sai kuma yayanta.

"Dogo ne?"

Wallahi sai da na ji kamar in rungume shi.

Bai taɓa komai ba sai da ya cire kan batir, ya ɗaga hannu ya zuba wa agogonsa ido. Na ce ko wani abu ne? Ya ce akwatin eyabag yana da kafasita mai riƙe wuta, don ko batir ya tsinke a karo jakar ta samu abin tashi, saboda haka sai an ba shi aƙalla daƙiƙa 90, shi yakan ƙara a kai don bai shirya yin asarar haƙora ba. Sannan ya durƙusa ya zura hannu ƙarƙashin kujerar ya fara fito da tarihin gidana: ƙwallayen dabino, takalmin auta ƙafa ɗaya wanda aka daɗe da zubar da ɗan'uwansa, cokali, busasshen goro, katin bikin da ma'auratan har sun yi suna, da murfin kular da uwargida ta daɗe tana zargin maƙwabciya a kai. Ya jera su a kan tabarmar mota ɗaya bayan ɗaya, bai ce uffan ba. Da ma ya yi magana da ya fi min sauƙi.

Can ya haska tocila ya ce in leƙo. Wani soket ne rawaya, ya ce duk wayar eyabag rawaya ake yi mata don kowa ya san ba ta wasa ba ce. Wannan ita ke zuwa ga jakar da ke cikin gefen kujerar. Ɗan maƙallin da ke riƙe soket ɗin ya karye, sannan wani, wataƙila ranar da aka ciccire kujeru aka wanke motar kafin a sayar, ya ɗaure wayar da ƙarfen ƙasa ya rage mata tsawo. Ya ce in tura kujerar baya. Na tura a hankali. Ya ce a'a, yadda Yaya ke yi. Na kama ƙarfen na wurga ta har ƙarshe, ƙararas! A kan idona wayar ta miƙe ta yi tsam, soket ya ɗan zame. Uwargida in ta shiga takan jawo kujerar gaba, soket ya koma ya ɗan taɓa, Baba ya tafi hutu. Tafiyar Zariya, da ramukan hanya da Yaya a miƙe yana barci, ita ta ƙarasa shi.

Ya yi min bayani yana aiki. Abin da ke tayar da jakar ɗan ƙanƙanin abu ne, juriyarsa ga wuta ba ta wuce om biyu zuwa uku ba, kuma kwamfutar tana auna ta ba dare ba rana muddin mota na kunne. Soket ya yi sako-sako, awo ya canza, fitila ta kama. Shi ya sa wasu ke cusa rezisto, wani ɗan abu mai irin wannan juriyar, a wurin, kwamfuta ta ɗauka jaka ce, mai mota ya tafi yana murna da kujerar da babu komai a cikinta. Ya ce kuma ba a ɗora mitar awon wuta kai tsaye a kan jakar, don 'yar wutar mitar tana iya tayar da ita. Ya kwance sitiyari ya mayar da tsohon kulok-sifirin ɗina, wanda dama lafiyarsa ƙalau, yana yawo a but. Ya duba ya tabbatar akwai jaka ta gaske a ciki, don a cewarsa ya sha buɗe motocin da suka yi haɗari a waje ya tarar da tsumma. Har lambar jikin motar mai harufa da lambobi 17 ya shigar a intanet, saboda jakunkunan kamfanin Takata, waɗanda sinadarin cikinsu ke lalacewa da zafi da laima har su fashe da ɓaraguzan ƙarfe. Jakunkuna kusan miliyan 67 aka yi wa kiranye a Amurka, wato aka ce a dawo da su a canza, kamfanin ya durƙushe a 2017, motocin kuwa da yawa sun biyo jirgi sun zo mana nan. Tawa ta nuna babu bashin gyara a kanta.

Ya goge lambar, ya tayar. Baba ya fito, ya yi daƙiƙoƙinsa, ya tafi da ƙafarsa.

"Amma fa Alhaji, wayar nan ta wahala. Na gyara ta riƙe, zan sa a nemo wata daga Legas. Kafin ta zo, kada a sake kai kujerar nan ƙarshe."

A nan aka zo wurin da kwamfuta ba ta da amfani. Na ce wa uwargida ta yi wa yayanta bayani. Ta ajiye ludayi. "Ni? In dubi Yaya in ce masa tsawonsa ne ke ɓata mota? Ai kai ne mai motar." Ni kuwa mutumin nan shi ya karɓi sadakina, da wane baki zan fara?

Ranar Juma'a na yi dabara. Yana fitowa na yi sauri na buɗe ƙofar baya ta dama, na jawo kujerar gaba har ta kusa taɓa dashbod don ƙafafunsa su samu fili, wanda dama haka wayar ke so. Na ce, "Yaya, ni fa na daɗe ina jin nauyi. Girmanka ya wuce gidan gaba."

Na ɗauka zai yi musu ko na kunya. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ƙanina," ya tattara babbar riga ya shige.

Mako na zagayowa ya zo da jarida. Na gaba ya fara ba da umarni daga baya, bi ta titin Gidan Zu, rage gudu, kashe rediyon nan zan amsa waya. A gidan mai yaran suka daina gaishe ni, ta tagar baya suke zagayawa su ce ranka ya daɗe. Da muka je wani ɗaurin aure, mai gadi ya ruga ya buɗe wa Yaya ƙofa, sannan ya ƙwanƙwasa gilashina ya nuna min gindin wata darbejiya, ya ce direbobi can suke zama, za a kawo musu nasu. Na buɗe baki zan yi bayani sai ga Yaya ya miƙo min naira 500 ta taga, ya ce in sha ruwa kafin ya fito. Shinkafar direbobin dai ba laifi, kuma a gindin bishiyar nan na samu wani da ya ce in oga ba ya biya da kyau, akwai wani Alhaji a Nasarawa da ke neman mai hankali irina.

Wayar ta iso daga Legas, Injiniya ya saka, ya wurga kujerar gaba da baya da hannunsa, fitila ba ta ce komai ba. Ranar Juma'a na je da fara'ata na buɗe wa Yaya ƙofar gaba, na tura masa kujerar har ƙarshe. Ya dube ta, ya wuce ya buɗe ta baya da kansa ya zauna. Ya ce in jawo kujerar nan gaba ta matse masa gwiwa, sannan gobe in fito da wuri, in kuma wanke motar, muna da ɗaurin aure a Wudil.