A bar yaran nan su ɗaga ƙarfe, amma da babba a tsaye kansu

Jama'ar Nima da Mamobi a nan Accra, yau dai sai na faɗi abin da ya daɗe yana cina, ko da wasu za su ji haushi.

Ɗan yayata shekararsa 15, ƙwallo yake bugawa a filin Kawukudi, ƙafa kam Allah ya ba shi, amma da an ɗan goge shi da kafaɗa sai ka gan shi a ƙasa yana kakkaɓe jar ƙasa daga gwiwa. Na ce Yaya ki bar min shi in riƙa zuwa da shi wajen ɗaga ƙarfe bayan sallar asuba, wallahi kamar na ce zan kai shi gidan yari. Ta ce a'a ƙanina, ƙarfe tsumburar da yaro yake, kuma ni ban haifi ɗan maco ba, wato ƙato mai ƙwanji, da 'yan siyasa za su ɗauka su ba shi sidi hamsin ya je ya fasa kan ɗan wani.

Maganarta ta biyu ban ga laifinta ba ko kaɗan. Duk mun san yadda sunan masu ƙwanji ya ɓaci a Zango, wasu sun zama langad masu tsaron filaye da adda, wasu sai lokacin zaɓe ake tunawa da su. Tashin hankalin da ya faru a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Janairun 2019 ai nan kusa da mu ne, har sai da majalisa ta yi dokar hana ƙungiyoyin banga na jam'iyyu a wannan shekarar. Uwar da ta ga haka dole gabanta ya faɗi in ta ji kalmar jim, wato wajen ɗaga ƙarfe.

Amma ta farkon, wato wai ƙarfe na hana tsawo, ba haka ba ne. Likitocin yara sun daɗe da yarda cewa yaro zai iya motsa jiki da nauyi daidai ƙarfinsa matuƙar akwai mai lura da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi daga shekara 5 zuwa 17 yaro ya samu awa ɗaya na motsa jiki kullum, kuma aƙalla kwana 3 a mako ya yi abin da zai ƙarfafa tsoka da ƙashi. Abin da ke tsayar da tsawo da gaske shi ne allurar kumbura jiki da ake sayarwa a ɓoye, ita ce ke rufe guringuntsin bakin ƙashi tun lokacinsa bai yi ba, ga hanta ga zuciya duk ta taɓa. Ga ƙwayar tiramol da wasu ke haɗiya wai don kar su ji gajiya. Waɗannan ya kamata mu yaƙa, mun bar jaki muna dukan taiki.

Da ƙyar dai ta yarda. Wajen namu ba wani waje ba ne, lungu ne da rumfar kwano, siminti aka zuba a gwangwanin Milo da bokitin fenti aka soka bututun ƙarfe a tsakiya, benci kuwa katako ne aka ɗora wa tsohon buhu. Wata guda cur ban bar shi ya taɓa ko gwangwani ɗaya ba. Tsuguno da tashi, turin ƙasa da hannu, rataya a jikin ƙarfe yana jan kansa sama, shi ke nan. Ya yi ta ƙunƙuni, Kawu ni fa ƙarfe na zo ɗagawa, ga abokaina can suna ɗaga bokiti biyu. Na ce wanda bai iya ɗaukar jikinsa ba me zai yi da siminti? Ranar da ya yi tsuguno da sandar tsintsiya a kafaɗa, baya a miƙe, diddige bai bar ƙasa ba, gwiwa ba ta karkace ciki ba, ranar na miƙa masa ƙaramin gwangwani. Sau 10, a huta, a sake, zagaye uku. Litinin, Laraba, Asabar, sauran kwanakin hutu, don tsoka a wajen barci take ginuwa, kuma yaro irinsa na bukatar awa 8 zuwa 10. Nan muka fi yin rigima da shi ma, saboda waya.

Abinci kuma babu wani garin kanti mai tsada. Wake da shinkafa da ƙwai, koko da ƙosai, gyaɗa, kifi, fura da nono in an samu. Da azumi mun rage nauyi mun mayar da abin bayan tarawi.

To abin da ya sa na zauna rubuta wannan dogon zance ba damtsensa ba ne, don har yanzu siriri ne, yaro a wannan shekarun jijiyoyinsa ne ke fara koyon aiki kafin nama ya fito. Halinsa ne ya canja. Yaron da sai an yi ta bugun ƙofa kafin ya tashi sallah yanzu shi ke ƙwanƙwasa min. Ya samo wani tsohon littafin makaranta yana rubuta abin da ya ɗaga kowace rana, kuma ya gane da kansa cewa satin da ya yi wasa lambar ba ta motsawa, ba wanda zai ɗora wa laifi, ba alƙalin wasa ba koci. Rannan na ga wani ƙaramin yaro ya zo yana ƙoƙarin fizgar bokiti da baya a lanƙwashe, kafin in buɗe baki ɗan yayata ya riga ni, ya karɓe bokitin ya miƙa masa sandar tsintsiya. Sai da na juya baya na share ido.

Kowane yaro a unguwar nan yana son zama Mohammed Kudus, ɗan Nima da ya tafi makarantar ƙwallo ta Right to Dream yana ɗan shekara 12, daga nan Denmak, Ajax, har Ingila. Suna kallon yankansa, ba sa kallon yadda ƙato ke tunkuɗarsa ya ƙi faɗuwa, wannan kuwa aikin cinya da ƙugu ne na shekaru. Dubi Bukom, unguwar talakawa ce kamar tamu, amma akwai dattawan koci a tsaye kan yara, shi ya sa yankinsu na Ga Mashie ya ba duniya zakarun dambe irin su Azumah Nelson da Ike Quartey. Mu kuwa ƙartinmu na da sun yi ritaya sun koma benci suna shan ataya, yara na can lungu suna koyo daga bidiyon TikTok.

Ku iyayenmu da yayyenmu da kuka taɓa ɗaga ƙarfe, awa ɗaya kawai nake roƙo, sau uku a mako, ku leƙa lungun da ke kusa da gidanku. 'Yan mata masu gudu da ƙwallo su ma a sama musu lokacinsu da mace mai koya musu, don sun fi maza saurin samun ciwon jijiyar gwiwa. Yaya kuwa shekaranjiya da kanta ta aiko min da ƙwai kiret guda, ta ce na yaron ne, kar in taɓa.