A ƙasa ya fi mini, amma a kula da inuwa

Wani labari da na karanta ya ce wasu na kafa faifan sola a lambun gida maimakon kan rufi, kuma ni ma haka na yi. Dalilina ƙura ce. Idan ta rufe gilashin, wuta na raguwa, to wa zai riƙa hawa sama da bokiti duk mako? A ƙasa cikin minti 10 na goge. Ga iska na ratsa bayansa, shi kuwa faifai idan ya yi zafi sosai ba ya ba da wuta yadda ya kamata.

Sai dai ku kula da inuwa. Reshe ɗaya ya rufe faifai guda, duk waɗanda aka jona su jere sai ƙarfinsu ya ragu. Idan kuma batir na nesa, a sa waya mai kauri.