Sauri ya haifi nawa, 'yan kwamfuta

Shekaranjiya da azahar aka kira ni wani ofis a nan Sakkwato, wai komai ya tsaya cak. Na tarar da wani ƙanenmu tsugune gaban saba, wato babban injin da ke ɗauke da aikin ofishin, yana gumi, fanka na ta kuka, allo baƙi ƙirin. Ashe sabuwar famwaya ya gani ta fito, wato manhajar da ke kwance cikin allon injin, wadda ke tashin saba tun kafin komai ya motsa, sai ya danna. Ƙarfe biyun rana, mutane na tsakiyar aiki, kwamfutoci shida na manhaja, marasa jikin kansu, na zaune a cikin injin ɗayan nan, har da ta albashi.

Na ce, ƙanena, ina kwafin ajiya? Wai ya ɗauki sinafshot, wato hoton yanayin da kwamfutocin suke a lokacin. Haba! Sinafshot da ke kan faifai ɗaya da abin da kake son tsarewa, ai kamar ka ɓoye makullin ɗaki ne a cikin ɗakin. Bai kwashe kwamfutocin zuwa wata saba ba, bai karanta bayanin kamfani ya ga ko sabuwar za ta zauna da ESXi ɗin da ke kai ba, wato manhajar da ke ba saba damar ɗaukar kwamfutoci da yawa a cikinta, batirin UPS kuwa, na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke, ya kumbura tun bazara. Ana cikin rubuta famwaya wuta ta ɗauke. Duk wanda ya san aikin nan ya san yankewar wuta a wannan gaɓa tana iya mayar da allon injin gungume.

Ba cewa nake a ƙi sabuntawa ba. A farkon 2023 ɓarayin intanet sun kulle dubban sabobin ESXi ta wata kafa da aka fitar da maganinta tun 2021. Garajen nan ne ke ƙona min rai. Ko CrowdStrike, kamfanin tsaron kwamfuta, da duk ƙwararrunsu, sabuntawa ɗaya a Yulin 2024 ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, balle kai da ka kalli bidiyon minti goma a YouTube ka fara kiran kanka injiniya. Ga girman kai, tambaya ta zama abin kunya, amma ɗaukar hoto gaban saba a ɗora a Facebook ba a barin ku a baya.

Waɗanda suka koya mana, daren Asabar suke jira, su tada janareto, su rubuta kowane mataki a littafi da biro. Malamina sai ya sa ka maido da kwafin a gabansa kafin ya yarda akwai shi. Yaron nan kuwa, har na bar ofishin yana tambayata ko a sake dannawa.